Ƙasar Waje Ta Fi Ikko Kusa Da Kademi

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata al'ada ta jami'o'in duniya wadda mu a nan muka bari ta kuɓuce mana, har yanzu kuwa ban ji ƙungiyarmu ta ɗaga murya a kanta ba. Al'adar ita ce ɗalibi ya ware zango guda daga cikin zangunan karatunsa, watau wata 4 ko 5, ya je ya yi shi a jami'ar wata ƙasa, ya zauna da mutanenta, ya ci abincinsu, ya zaga garuruwansu, sa'an nan ya komo da sakamakonsa a haɗa masa da na gida, ya ƙare digirinsa a inda ya fara. Ra'ayina shi ne lalle a maido da wannan al'ada, a buɗe ta ga ɗan talaka irin wanda ya fito daga Kademi ko Gaya ko Ajingi, kuma a fara da ƙasar da ta fi kusa da mu, watau Jamhuriyar Nijar. Na san da jin haka waɗansu za su yamutsa fuska, domin a wurinsu ƙasar waje ba ta amsa sunanta sai an hau jirgin sama an sauka cikin sanyi. To, su yi haƙuri su saurara.

Mutanen ƙasar Gaya ba baƙin tafiya ba ne. Labarin kafuwar Kano kansa ya nuna maƙera ne daga Gaya suka je gindin Dala neman tama, suka zauna. Har gobe kuwa, da zarar an kai amfanin gona gida, an daddale rumbu, sai samari su ɗaure kaya su tafi ci-rani, su komo kafin ruwan shuka. Haka gardawa suke yin gabas neman karatun Alƙur'ani, su yi 'yan watanni a tsangayar wani gwani, su dawo da abin da suka samo. Ita kanta kalmar zango da muke kiran kashin shekarar karatu da ita, daga bakin fatake muka aro ta, waɗanda suke sauka su huta a hanyar Gwanja sa'an nan su ɗaura wa jakuna kaya su ci gaba. Saboda haka in ka ce wa dattijo a Kademi ɗansa zai je ya yi wata 4 a wata ƙasa ya dawo, ba ka zo masa da sabon abu ba. Abin da yake tsoro shi ne tafiyar da ba ta da ranar dawowa, da kuma wadda za ta cinye masa shanun noma.

Shugabannin da suka gina Arewa ma irin wannan gajeriyar tafiya suka yi. Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta abin da ya gani a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, domin wanda bai je ba shi ma ya amfana. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa shekara guda ya yi a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar London, daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi sawunsa a shekarar da ta biyo, kuma a can ne tunanin kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa ya nuna. Malam Abubakar Gumi da abokansa, irin su Malam Shehu Galadanci da Malam Halliru Binji, Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan aka aika su a 1954. Dukansu sun riga sun yi karatunsu a gida, sun san ciwon ƙasarsu, sa'an nan suka leƙa waje na ɗan lokaci suka dawo. Mutumin da ya fita da cikakken hankali, yana da wurin komawa, ya fi ganin abin da ya kamata a gani bisa ga yaron da aka kwashe shi yana ɗan shekara 17 aka ajiye shi shekara 5 a inda bai san kowa ba.

A cikin jami'o'inmu, masu karatun Larabci da na Faransanci su ne suka gaji wannan al'ada. A da, wajibi ne ɗalibin harshe ya yi shekararsa ta uku a ƙasar da ake magana da harshen da yake koyo, masu Faransanci su nufi Faransa ko Togo ko wata maƙwabciya, masu Larabci su nufi ƙasashen Larabawa. A wancan zamani Naira tana da ƙarfi, har a 1980 Naira guda ta fi Dalar Amurka daraja. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar Naira ta zube, jami'o'i suka kasa biyan kuɗin jirgi da na masauki. Dabarar da Gwamnatin Tarayya ta yi ita ce ta gina wa ɗalibai ƙasar waje a cikin gida: aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry ta Jihar Ikko a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Borno a 1992, kusa da Larabawan Shuwa da iyakar Kamaru.

Ba na raina aikin waɗannan wurare, malamansu sun yi ƙoƙari gwargwadon abin da aka ba su. Amma a duba lamarin ta fuskar ɗan Kademi mai karatun Faransanci. Zai tashi daga gida ya bi ta Gaya da Wudil ya shiga Kano, ya hau doguwar mota ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa bakin teku, domin ya koyi Faransanci a garin da in ya fita ƙofar makaranta Yarabanci da Egun da Turancin buroka zai ji. Alhali kuwa daga Kano zuwa Maraɗi ko zuwa Damagaram tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, kuma a can takardar asibiti, da allon gefen hanya, da laccar jami'a, duk da Faransanci ake rubuta su. Shi kuma Ƙauyen Larabci, tun da rikicin Boko Haram ya afka wa Gamboru da Ngala a 2014 aka kwashe shi zuwa Maiduguri, watau aka raba shi da dalilin da ya sa aka zaɓi Ngala tun farko.

Wani zai ce, ai in ka kai Bahaushe Maraɗi ya koyi Faransanci, ka kai kifi ruwa ne, Hausa zai yi ta yi daga kasuwa har ɗakin kwana, balle ma tun 2025 hukumomin Nijar suka mai da Hausa harshen ƙasa, suka bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ban kuwa ƙi ta ba. Ɗalibin harshe zalla gara a kai shi Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni, inda zai zauna ɗaki ɗaya da Bazabarme da Buzu da ɗan Chadi, dole ta sa shi buɗe baki. Sai dai ni ban ga dalilin da zai sa a tsare wannan dama ga ɗaliban harshe kaɗai ba, kuma a nan ne nake ganin Hausar ta zama riba. Ɗalibin aikin gona daga jami'ar Wudil ko daga Bayero, in an kai shi Indiya, zai yi wata 4 bai yi hira da manomi ko ɗaya ba. In kuwa an kai shi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, ran da ya sauka zai iya tsugunawa a gindin gawo ya tambayi mai gona da bakinsa.

Abin tambaya kuwa yana da yawa. A ƙasar Maraɗi ne tun wajen 1983 manoma suka koma wa dabarar barin tohon kututturen itatuwa a gona, su rage rassan su bar masu ƙarfi su tashi, maimakon a sassabe a ƙone kamar yadda aka saba. Ba a sayi irin dashe ba, ba a yi ban ruwa ba, amma masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta sake yin itatuwa ta wannan hanya a kudancin Nijar ta kai kadada miliyan 5. Mutanen ƙasashe masu nisa suna zuwa kallon wannan abu, mu kuwa da muke noma gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙasa irin tasu, muke kukan iska da zaizaya da tsadar takin zamani, yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. A Sadore kusa da Yamai akwai babbar tashar binciken gero ta ICRISAT, a cikin Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET mai lura da ruwan sama da yanayin ƙasashen Sahel. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa. Yaron da ubansa ke noma a Kademi, ya yi zango guda yana kai da kawowa tsakanin waɗannan wurare, abin da zai kawo gida ya fi tsarabar agogo.

Haka ɗalibin tarihi. Muna karanta jihadin 1804 daga bakin waɗanda suka ci nasara, amma zuriyar sarakunan Katsina na dauri suna Maraɗi, mai sarautar garin har yau Sarkin Katsina ake ce masa, Gobirawa kuma suna Tsibiri, tafiyar 'yan mintoci daga nan. Yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Sarkin Kano Alu da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a ƙarshen ƙarni na 19, har dakarun Damagaram suka iso Gezawa, muna da labarinsu ta bakin Kanawa, su ma can suna da nasu, kuma ba lalle ne su zo ɗaya ba. A Cibiyar Binciken Ilmin Ɗan Adam ta Jami'ar Yamai akwai tarin littattafan Larabci da na ajami da aka rubuta da hannu. Ɗalibin Hausa kuma zai ji yadda harshensa ya sha wani ruwa dabam: makaranta ta zama lakwal, kwastan ya zama duwan, malamin boko kuwa mushe ake kiransa ba tare da kowa ya yi fushi ba. A kasuwa zai koyi cewa dala sefa 5 ce, jaka kuwa sefa 1,000, in bai koya da wuri ba mai tebur zai koya masa.

Wannan ya kawo ni kan batun yawo, wanda a ganina shi ne rabin amfanin tafiyar. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka sami fita, ko Alƙahira ko Indiya ko Malesiya, sukan kama gida ɗaya su 6 ko 7, duk 'yan jiha ɗaya, su tuƙa tuwonsu, su yi hirar siyasar Kano har asuba, su fita sai aji sai kanti sai wurin ɗaukar hoto. Waɗansu kuma sukan mai da zaman fatauci, karatu ya koma bayan sarin atamfa da wayar hannu. Irin wannan ya je ne da jikinsa, hankalinsa bai ƙetare Kwanar Dangora ba. Ɗalibin da aka ba zango guda ba shi da lokacin wannan sakaci. Kamata ya yi a sa shi ɗaki da ɗan ƙasa, a wajabta masa fita ƙauye, ya ci kasuwar mako, ya kwana gidan abokin karatunsa ran hutu, ya ga yadda ake biki da yadda ake zaman makoki, ya shiga asibitin gwamnati da ofishin magajin gari ya kwatanta da namu, ya rubuta abin da ya gani kullum a littafi. Ku da kuke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma kun fi kowa sanin yadda mutum kan ɗauka cewa yadda ake yi a ofishinsu haka ake yi ko'ina a duniya, sai ranar da ya ga wani tsari.

Sauran hanyoyin da muka dogara da su na fita waje kuwa, kowace ta nuna mana iyakarta. Gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai masu yawa ƙasashen waje tsakanin 2011 da 2015, ta kuma sake ɗaukar 1,001 a 2023 domin digiri na biyu a Indiya da Uganda. Abin yabo ne, amma na wanda ya riga ya gama ne da sakamako mafi daraja, kuma kuɗin da za a kashe wa mutum ɗaya a irin wannan zai isa a kai mutane da dama Maraɗi su dawo. Tallafin Gwamnatin Tarayya na yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari, wanda ɗalibansa suka sha kukan rashin biyan alawus, an sanar da dakatar da shi a 2025, bayan Dala ta haura Naira 1,500 a 2024. Waɗanda iyayensu suka kai su Sudan da kuɗin aljihu, kowa ya ga abin da ya same su da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023: aka kwaso su a motoci, suka yi kwanaki a yashe a bakin iyakar Masar kafin a ɗebo su ta Aswan, waɗansu ta Port Sudan, da yawa ba tare da takardar shaidar shekarun da suka yi ba. Ɗalibin da sunansa yake rajistar jami'ar gida, in irin wannan ta faru, zango guda ya yi asara. Sa'an nan ga masu zuwa sayen takarda. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, mai gaskiya da maƙaryaci duk suka shiga uku. Musayar zango ta toshe wannan ƙofa, domin jami'a da jami'a ne suke magana, digirin kuma na gida ne.

Turawa sun daɗe da gane haka. Shirinsu na Erasmus ya fara a 1987 da ɗalibai 3,000 da 'yan kai, yau waɗanda suka ci moriyarsa miliyoyi ne, kuma asirinsa bai wuce abu biyu ba: ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta a inda ya je baƙunci, kuma darussan da ya ci a can ana lissafa masa su a gida. Yawancin tafiyar tasu ma tsakanin maƙwabta ce, Bajamushe ya je Faransa, ɗan Italiya ya je Sifen. Har nan Kano ɗalibai daga Turai da Sin sun sha zuwa Jami'ar Bayero su yi 'yan watanni suna gyara Hausarsu, mu muna kallonsu a Kasuwar Kurmi muna mamaki, ba mu taɓa tambayar me ya hana mu yin irin nasu ba.

Ban ce hanyar a share take ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024, sa'an nan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Saboda haka kada ɗalibi ya yi gangancin tafiya irin ta ɗan kasuwar Maigatari, da katin shaida a aljihu da sanayya a baki. Sai da cikakken fasfo, da katin rigakafin shawara, da wasiƙar jami'ar da ta gayyace shi. Hanyar Katsina zuwa Jibiya ta sha fama da 'yan bindiga, yammacin Nijar wajen Tillaberi kuma ba wurin yawon ɗalibi ba ne, dole masu shirya tafiya su zaɓi hanya da rana da idon basira, ta Daura da Kwangwalam in Damagaram aka nufa. Amma rikicin gwamnatoci a wurina dalili ne na ƙara ƙulla zumunci ta ƙasa. Jami'in da zai zauna teburin sulhu nan da shekara 20, gara a ce ya taɓa cin tuwo a gidan na ɗaya gefen.

Babban cikas ma a gida yake. Jami'ar da ba ta san ranar da zangonta zai fara ba, yaya za ta yi alkawari da wata? Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Sai an yi yarjejeniyar da za ta bar ɗalibin da ya riga ya fita ya ƙare zangonsa ko da an rufe makarantarsu. Sai kuma Majalisar Dattawan Jami'a ta zauna ta daidaita ma'aunin darussanmu da tsarin da jami'o'in Nijar suke bi, a rubuce, tun kafin yaro ya hau mota, don kada ya dawo wani shugaban sashe ya ce bai san zancen ba, a sa shi maimaita shekara. Game da 'yan'uwanmu mata, iyaye suna da hakkin su tambayi inda 'yarsu za ta kwana da wanda zai kula da ita, kuma amsar ita ce ɗakin kwanan ɗalibai mata da malama mai rakiya, a garin da uba zai iya zuwa da safe ya ganta ya kwana a gidansa. Wannan ma wata fa'ida ce da Maraɗi ta fi London.

Batun kuɗi shi ne inda nake so yayyenmu ma'aikata su sa baki. In musaya ce ta gaskiya, mu aika 10 su aiko 10, kowace jami'a ta yafe wa baƙinta kuɗin makaranta ta ba su gado, abin da ya rage shi ne fasfo da mota da abinci. Wannan bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi ba, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kowace mazaɓa, har da Kademi, a ba ta gurbi guda a shekara, a yi zaɓen da jarrabawa a fili, a manna sunaye a bangon sakatariya, domin in aka bar shi a hannun masu alfarma 'ya'yansu za su cike guraben su mai da abin yawon shan iska. Wanda aka zaɓa kuma a ɗora masa sharaɗi: in ya dawo ya rubuta rahoto da Hausa, ya je makarantar sakandaren garinsu ya karanta wa ƙannensa, ya kuma tsaya gaban manoma ko ma'aikatan da abin ya shafa su yi masa tambayoyi.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse wanda aka tsara zai ratsa ƙasar Gaya. Duk maganar da ake yi a kanta ta kaya ce, siminti da hatsi da dabbobi. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan batu cikin ajandar babban taro mai zuwa, su naɗa kwamitin mutum 5 da zai gana da ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'a da shugabannin sassan Faransanci da Tarihi da Aikin Gona, su kuma rubuta wa ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Maraɗi wasiƙa, da Hausa, kafin hutun ƙarshen zango.